Kurtun Baffa a Gwanjon Turawa

Wanda ya fara cutata a Ingila ba Bature ba ne. Sabo ne, ɗan unguwarmu, wanda na sani tun yana sa maɓalli a shagon wani tela a kasuwar Wunti ta Bauchi. Shi ya tarye ni a filin jirgi cikin wata ƙatuwar rigar sanyi da ta kusa haɗiye shi, ya ce yanzu sunansa Sam. Na ce, "Sabo, mun same ku lafiya?" Ya waiga hagu da dama kamar na tona masa asiri, sannan ya amsa mini da Turanci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A asibitin da na baro a Bauchi, Sista Ma'u ake kira na, kuma idan na shigo ɗakin marasa lafiya har 'yan dubiya sukan gyara zama. Sabo ya yi mini alkawarin aiki a wani babban asibiti a Birmingham, na sayar da filina na Fadaman Mada na tura masa kuɗin takardu. Da na iso sai babban asibitin ya koma wani ɗan ofis a saman shagon sayar da soyayyar kaza, da wata mata mai taunar cingam da ta ce mini aiki yana nan tafe. Masauki kuwa ɗaki ne mai warin danshi, bango duk fumfuna, ni da wasu mata da Sabo ya yi wa irin alkawarin da ya yi mini. Da na nemi ya dawo mini da abina, sai ya ce in yi haƙuri, haka tsarin ƙasar yake. Mutumin da bai iya yanka wuyan riga ba, shi ne yau yake koya mini tsarin ƙasa.

A wannan ɗakin nake a ƙudundune cikin bargo mahaifina ya kira ni. Baffa muke ce masa. Bai tambaye ni aiki ba, bai tambaye ni sanyi ba. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Ma'u, kin fara tambaya kuwa?"

Baffa marubucin Alƙur'ani ne da hannu, haka mahaifinsa, haka kakansa. A gidanmu akwai wani kurtun tawada na tagulla, haɗe da gidan alƙalami, wanda kakan Baffa ya sayo a Masar a hanyarsa ta dawowa daga hajji. Ƙa'idar gidan ita ce ba a wanke shi. Idan tawada ta ja baya, sai a dafa sabuwa da bagaruwa da ƙaro a zuba a kan ta ciki. Saboda haka a gindin kurtun nan akwai ragowar tawadar duk wani marubuci da gidan ya taɓa yi. Ba a yin rubutun yau da kullum da shi. Sai mutum ya kai shafin ƙarshe, inda zai sa sunansa da na mahaifinsa ya roƙi gafara, sannan a ɗauko shi, a ɗiga ruwa, a tsoma alƙalami.

Wannan kurtun ne ƙanena Nasiru ya sayar lokacin da Baffa yake kwance a asibiti. Masu bi gida-gida suna sayen kayan da ne suka zo, shi kuma yana son babur. Da aka matsa wa dillalin, ya ce kaya sun wuce Legas, daga can kuma sai Ingila. Baffa ya warke, ya ci gaba da rubutun da ya san shi ne na ƙarshe a rayuwarsa, domin idonsa ya fara dushewa. Ya rubuta komai, ya bar shafin ƙarshe fari. Ya ce ba zai zama shi ne ya katse abin da aka miƙo masa ba.

Na ce, "Baffa, Ingila fa ba kasuwar Wunti ba ce da zan bi rumfa-rumfa."

Ya ce, "Ai ita ma tana da dillalai."

A raina na ce mutanen gida dai ba sa rabo da abin dariya, sun ɗauka duk ƙasar Turawa layi ɗaya ce.

Daga Birmingham aka tura ni wani gari a bakin teku, gidan kula da tsofaffi. Iskar garin ta ishi mutum azaba, tana shiga ta wuyan riga ta fita ta ƙafar wando. Aikina shi ne wanka da canja ƙunzugu da ba da abinci a baki, abin da a Bauchi ɗalibai nake sa wa su yi ina duba su. Tsofaffin ba su dame ni ba. 'Ya'yansu ne na raina. Mutum zai zo da mota mai tsada da furanni a hannu, ya zauna gaban uwarsa yana duba agogo, kafin shayinsa ya huce ya tashi. A bakin ƙofa kuma ya tsaya ya yi mini faɗa a kan ba a taje mata gashi yadda take so ba.

A nan na haɗu da Memuna, wata 'yar zangon Kumasi da ta daɗe a ƙasar. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. Ranar da ta gan ni ina share hawaye a ɗakin wanki, sai ta ce, "Kai, Sista, bar kuka. Zo gida ka ci tuwo." Tuwon semo ta yi mini da miyar kuka, ta ba ni safar ulu, ta nuna mini inda alƙibla take. A duk zamana a ƙasar nan ban ci abin da ya kai wannan tuwon daɗi ba, duk da gishirinsa ya yi yawa.

Ita ce wata rana take ba mu labarin wani tsoho a wani ƙauye, wanda kamfaninmu ya rasa mai zama da shi. Duk wadda aka tura ba ta daɗewa. Ta ce gidansa cike yake da kwalaben tawada na da, daga ƙasa har rufi, kuma duk wanda ya taɓa ɗaya ya gama aiki. Sauran ma'aikata suka yi dariya. Ni kuwa na ajiye cokalina. Washegari na je ofis na ce a ba ni shi. Matar da ke ofishin ta dube ni kamar mai taɓin hankali, ta miƙo mini makulli da sauri kafin in canja ra'ayi.

Sunansa Mista Gilbat. Tsohon ma'aikacin inshora ne, matarsa ta rasu, ɗansa yana wata ƙasa, shi kuma ciwon rawar jiki ya kama shi har ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa. Maganar farko da ya faɗa mini ita ce kada in taɓa komai. Sunana kuwa bai taɓa faɗarsa daidai ba, Mawu yake ce mini.

Memuna ba ta yi ƙari ba. Kantoci ne na gilashi a falo, a ɗakin karatu, har a hanyar banɗaki. Kurtun tawada na gilashi, na azurfa, na tangaran, wani siffar dodon koɗi, wani kan kare da ake buɗe bakinsa, wani jirgin ruwa. Ga 'yan gwangwanayen yashi da ake barbaɗa wa rubutu don ya bushe, ga wuƙaƙen farke ambulan, ga hatimai, ga abin goge bakin alƙalami mai kama da bushiya. Kowanne da 'yar takarda a gindinsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, babu ko guda mai ɗigon tawada a ciki. Duk kurtun da ya sayo, sai ya sa an jera masa ruwan ɗumi da ƙananan burushi da auduga, a wanke a goge har ya ga fuskarsa a jiki, sannan a kulle. Idan kuma takarda ta zo da zai sa hannu, da wani biro na kyauta da aka ba shi a kantin magani yake ja mata layi. Ban taɓa ganin gida mai kayan rubutu da yawa haka wanda ba a rubuta komai a cikinsa ba.

Yana da abokai irinsa, sukan zo shan shayi. Manyan mutane masu furfura, su sa farar safar hannu, su kwashe yini suna gardama a kan ko murfin wani kurtu shi ne na asali ko an canja. Wani a cikinsu, mai jan hanci, ya taɓa tambayata cikin fara'a ko a ƙasarmu ana rubutu kafin zuwan Turawa. Na dube shi, na tuna zauren Baffa da yatsunsa da tawada ta rine tun kafin a haife ni, na ga ba shi da darajar da zan ɓata yawuna. Na ce masa shayinsa zai huce.

Sai da na bari mun saba sannan na nuna wa Mista Gilbat hoto a wayata. Baffa ne zaune a kan buzu yana rubutu, kurtun a gefen gwiwarsa, har ana ganin lotsawar da ke kan murfin da jar igiyar fata da aka ɗaure shi da ita. Na ce na mahaifina ne, an sayar bisa kuskure, yana so ya dawo. Iyakar abin da na faɗa masa ke nan. Maganar tawadar ciki ban ga dalilin yin ta da mutumin da ke wanke nasa da sabulu ba, kuma Baffa bai rene mu da baza sirrin gida a waje ba.

Ya sa madubin ƙara girma, ya duba, ya taɓe baki. Ya ce, "Irinsa suna da yawa. Ba wani abin kirki ba ne." Amma na ga idonsa ya canja. Waɗannan mutane ba abin suke so ba, farautarsa suke so. Kafin mako ya zagayo ya sa na aika hoton ga duk abokansa da dillalan da ya sani, waɗanda suka san abin da ke cikin kowane gwanjo a ƙasar kafin a buga shi. Ashe Baffa ya fi ni gaskiya. Ita ma tana da dillalai, sun ma fi namu gulma.

Sanyi ya wuce, ɗan guntun zafinsu ya zo ya tafi, wani sanyin ya dawo. A ƙauyen nan babu mai sallama, babu kiran salla, babu ko kukan akuya. Maƙwabciyarmu takan yi wa karenta hira a bakin shinge, ni kuma ta ɗaga mini yatsu biyu. Nakan tsaya a tagar kicin ina kewar hayaniyar keke-napep a Wunti, wadda da nake zagi kullum, da masa mai zafi da ƙuli-ƙuli da safe. Duk Juma'a Baffa yakan kira. Da farko yakan ce yana ganin layin rubutu idan rana ta take. Daga baya ya ce sai ya kawo takarda daf da hancinsa. Ba ya ƙorafi, tambayarsa dai guda ce, ni kuma amsata guda.

Wata safiya ina ba Mista Gilbat kunun alkamarsa sai ya tura mini littafin wani gidan gwanjo, ya ɗora yatsansa mai rawa a kan wani hoto. Wani dillalin kayan da ne ya mutu a arewacin ƙasar, magadansa suna sayar da komai. Ga lotsawar, ga jar igiyar. A ƙarƙashi an rubuta wai daga Turkiyya ne ko Farisa, ba a san mai shi ba.

Muka ɗauki hanya, ni da shi da kekensa na guragu, jirgin ƙasa ya kai mu wani gari mai baƙaƙen gine-gine. A gida idan aka ce gwanjo, tsofaffin riguna ne a zube a ƙasa, mai ƙaramin ƙarfi yana ɗagawa yana duba hammata. A can kuwa masu hali ne suke zuwa cikin kwat, su yi ta zagaya kayan matattu suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Da safe ake barin mutane su duba kaya, da rana a buga.

Na hango shi a kan wani dogon tebur, tsakanin wani agogo da ya mutu da tulin cokula. An ɗaura masa lamba a wuya. Na ɗauke shi. Na buɗe murfin. Tawadar tana nan, baƙa wuluk, ta daskare ta tsattsage a gindi. Ƙamshinta ya bugi hancina, na ga zauren gidanmu, na ji tarin Baffa.

Sai na lura da wata mata a gefena, doguwa, mai gashi ruwan toka da tabarau a rataye a wuya. Ta zuba wa hannuna ido, tana rubuta lambar a takardarta. Nan take 'yar Wunti da ke cikina ta farka. Na yamutsa fuska, na miƙa kurtun nesa da jikina, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mista Gilbat, wai wannan ne muka sha wannan tafiya dominsa? Dubi cikinsa. Dauɗar shekara da shekaru ce ta daskare, har wari yake yi. Murfin ma a lotse. Wa zai kai wa mahaifinsa abu da ƙazanta haka? Ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani."

Duk wadda ta taɓa bin uwarta kasuwa ta san wannan. Ba a yabon abin da ake so a gaban mai shi, balle a gaban abokin tayi. Atamfar da ta fi kwanta miki a rai ita za ki ce za ta zuba, ragon da kike so shi za ki ce ya rame. Mai kaya ya sani, ke kin sani, babu wanda yake ɗaukar maganar ya tafi da ita gida. Har yau idan aka ce mini na yi kuskure ba na yarda. Ciniki na yi, yadda ake yin sa a ko'ina da mutane suke da hankali. Matar ta leƙa cikin kurtun, ta ja baya. Mista Gilbat ya dube ni, ya gyaɗa kai. Na ɗauka ya gane, tunda mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa a saye.

Da rana aka fara. Wani mutum mai jar fuska ya hau mumbari da 'yar gudumarsa yana zuba magana kamar ana korar sa. Babu gaisuwa, babu albarka, babu a ƙara a rage cikin mutunci. Kowa ya ɗaga katinsa mai lamba a sace, ya sauke, ya yi kamar ba shi ba. Da sunan Mista Gilbat muka shiga, domin shi suka sani, amma ni na riƙe katin. Da shi ya riƙe, da wannan rawar hannun tasa, da mun saye ɗakin gaba ɗaya.

Aka zo kan namu. Na ɗaga, matar nan ta ɗaga, na sake ɗagawa. Wani mai tayi ta waya ya shigo ya fita. Kuɗi yana hawa, ina jin ladan duk ƙunzugun da na canja a ƙasar nan yana tafiya, ban sauke hannuna ba. Matar ta ƙara sau ɗaya, ta tsaya, ta taɓe baki, ta rufe takardarta. Guduma ta sauka. Na ce a raina, kin ji wari ko? Haka ake yi.

Na so in tafi da shi a jakata a ranar, suka hana. Wai sai kuɗi ya shiga, sannan su aiko da shi gidan wanda sunansa ke kan kati. Na yi magiya, na yi faɗa, wata yarinya mai murmushin roba ta yi ta maimaita mini cewa ƙa'ida ce. A tashar jirgin ƙasa na kira gida.

"Baffa, na same shi. Tawadar tana nan, da idona na gani."

Sai na ji ya ɗaga murya, muryar da na daɗe ban ji ba. "Nasiru! Kawo mini wuƙa da kara, zan fiƙe alƙalami."

Ranar hutuna na tafi Birmingham in yanki tikitin gida in sayi tsaraba. A ranar ce kuma mai kawo saƙo ya ga damar zuwa. Na dawo da la'asar, na tarar da Mista Gilbat a teburin kicin, ba a falo inda ma'aikaciyar da ta riƙe mini aiki ta ce ta bar shi ba. Hannun rigarsa ya jiƙe har gwiwar hannu, yatsunsa baƙi ƙirin, babban yatsansa yana jini. Ga burushinsa a warwatse, ga auduga, ga gwangwanin man goge tagulla. A gabansa an rufe wani abu da tawul. Yana haki, amma fuskarsa tana haske irin wanda ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Mawu, zo ki gani."

Ya ja tawul ɗin. Kurtun yana walƙiya kamar yau aka ƙera shi. Na buɗe murfin, na ga gindinsa rawaya fes, babu ko ɗigo. Ƙamshin sabulun lemo ne ya fito.

Ya ce, "Kin ce ba za ki iya kai wa mahaifinki shi da dauɗa ba. Tun safe nake kansa. Ta yi taurin kai ƙwarai, sai da na yi ta jiƙa ta da ruwan zafi ina ƙanƙarewa. Ban bar kowa ya taya ni ba."

Na ce, "Ruwan fa?"

Ya nuna wurin wanke-wanke. Na je na duba, fari tas, har ya ɗauraye. Na buɗe kwandon shara, audugar duk ta jiƙe da man gogewa, ta koma kore. Na rufe kwandon.

Na raina shi a lokacin, raini irin wanda ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Mutum ya yi shekaru yana tara gidajen tawada, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me ya sa ake yin su ba. An miƙa masa guda ɗaya tak mai rai a ciki, ya kashe shi da ruwan zafi. Kuma ga shi yana kallona yana jiran godiya, tsohon da ba ya iya kai cokali bakinsa, wanda ya yini yana fama da burushi domina. Na buɗe baki in zage shi da Hausa, abin ya ƙi fitowa. Na ce na gode.

Aikina ne in wanke masa hannu. Na kawo ruwa a roba, na kama yatsunsa, sai na gane cewa baƙin da ke jikinsu shi ne abin da ya rage na tawadar gidanmu a duk duniya. Na wanke a hankali ba tare da sabulu ba, ruwan ya koma toka-toka, zuciyata ta fara raya mini in ɗura shi a kwalba. Sai jinin yatsansa ya biyo, ya ja jan zare a cikin ruwan, ya baje. Ba a rubuta shafin Littafin Allah da abin da jini ya shiga. Na ɗauki robar na zubar da hannuna, na manna masa filasta.

Da na faɗa wa Memuna a waya, ta yi salati, sannan ta ce, "Sista, sayi tawada ka zuba, bar shi ya bushe. Tsoho ba ya gani, ba zai sani ba." Na kwana biyu ina juya maganar. Amma hancin Baffa bai tsufa ba, kuma ko da ya tsufa, ba zan sa shi ya rufe aikin rayuwarsa da ƙarya ba. Ta waya ma na kasa faɗa masa. Duk sanda ya kira sai in ce ina nan tafe.

Na iso Bauchi da hantsi. Keke ya sauke ni a bakin lungu, mata suka fito da guɗa, Inna, mahaifiyata, ta rungume ni tana cewa na rame. Baffa yana zaure, a kan buzunsa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya buɗe gafakar da yake ajiye rubutun, ya ɗora farin shafin a kan allo bisa cinyarsa. Ga sababbin alƙaluma a jere, ga ɗan kofin ruwa na jiƙa tawada. Nasiru yana rakuɓe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen da na zauna da su, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya miƙo hannuwansa biyu.

Na ɗora masa. Ya bi jikinsa da yatsa har ya kai kan lotsawar murfin, ya yi murmushi. Ya buɗe, ya kai hancinsa. Murmushin ya tsaya. Ya zura ɗan ƙaramin yatsansa har gindi, ya zagaya, ya fito da shi ya ɗora a harshe. A waje wani mai keke yana ta danna ham, a zauren kuwa babu mai motsi.

Ya ce, "Wa ya wanke?"

Na ce, "Wani tsoho ne, Baffa. Alheri ya nufa."

Ya mayar da murfin kurtun. Sannan ya ce, "Allah ya saka masa da niyyarsa. Ke ma sannu, Ma'u, kin sha wahala."

Ya lalubo farin shafin, ya mayar da shi ƙarƙashin 'yan'uwansa, ya rufe gafakar ya ɗaure igiyarta. Ya tattara alƙaluman ya tura su gefe. Sannan ya miƙo mini kurtun ba tare da ya juyo ba.

"Kai wa Innarki. Ta daɗe tana neman abin zuba kwalli."